Nazarin Lamari: Ɗalibin CCNA a Kano da Darussan Bidiyo Tsakanin Faɗuwa da Cin Jarrabawa

Lamarin da za a bayyana a nan na wani matashi ne mai aikin jan kebul da haɗa na'urorin sadarwa a wani ƙaramin kamfani a Kano, wanda ya zauna jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco, wato jarrabawar samun satifiket ɗin ƙwarewa a harkar netwok, sau biyu tsakanin tsakiyar shekarar 2024 da farkon 2025. Ya faɗi a karon farko, ya ci a karo na biyu, kuma a duka biyun darussan bidiyo ne ginshiƙin karatunsa, bai taɓa zama a aji gaban wani malami na yau da kullum ba. Wannan shi ya sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta shi daki-daki, domin idan kayan karatu iri ɗaya suka ba mutum ɗaya sakamako biyu mabambanta, to lallai akwai abin dubawa a yadda ya riƙe su. Ni na shiga maganar ne bayan faɗuwarsa ta farko, lokacin da ya kawo mini takardar sakamakonsa yana neman a gaya masa inda matsalar take.

Matashin yana da difloma a fannin kwamfuta, kuma hannunsa ya saba da aiki. Yana iya matse kan kebul ba tare da duba jerin launukan wayoyin ba, yana kafa kyamarorin tsaro a makarantu da asibitoci masu zaman kansu, yana saita ƙananan rautocin gida ta shafin da ake buɗewa a waya. Abin da bai taɓa yi ba shi ne zama gaban baƙin allon da ake rubuta wa suwic ko rautar Cisco umarni, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok ɗaya da wadda ke isar da saƙo tsakanin netwok da netwok. Ya nemi satifiket ɗin ne saboda dalilin da kowa ya sani: tallan neman ma'aikata na bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji sukan ambaci CCNA a cikin abubuwan da ake so, kuma mai jan kebul da ba shi da takarda yakan daɗe yana jan kebul.

Jarrabawar da kuɗinta

Jarrabawar da ya zauna lambarta 200-301, kuma ta fara aiki ne ranar 24 ga Fabrairun 2020, lokacin da Cisco ya rushe tsohon tsarin da ya rarraba CCNA gida-gida, ya soke matakin farko mai suna CCENT, ya mayar da komai jarrabawa ɗaya. Ana yin ta cikin minti 120 a cibiyoyin Pearson VUE ko kuma daga gida ƙarƙashin sa idon mai gadi ta kyamara, tambayoyinta suna kusan ɗari, kuma satifiket ɗin yana aiki na shekara 3. Cisco ya wallafa jerin batutuwanta kyauta a shafinsa, ya kasa su gida shida: tushen sadarwa kashi 20 cikin ɗari, shiga netwok kashi 20, isar da saƙo tsakanin netwok da netwok kashi 25, hidimomin IP kashi 10, tushen tsaro kashi 15, sai sarrafa na'urori ta hanyar rubutaccen shiri kashi 10. Akwai wata ƙa'ida da take girgiza sabon shiga, wato idan mutum ya wuce tambaya ba ya iya komawa kanta.

Kuɗin jarrabawar a lokacin dala 300 ne. A Amurka wannan kuɗi ne da ma'aikaci zai iya fitarwa daga albashin wata guda, amma a Najeriya, bayan da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta kai kusan naira 1,500 a tsakiyar 2024, kuɗin zama ɗaya ya tasar wa naira 450,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, ke nan zama ɗaya ya haura albashin wata shida na ƙaramin ma'aikaci. Matashin nan da adashi ya tara mafi yawan kuɗin, yayansa ya cika masa, kuma da yake a lokacin katunan naira na yawancin bankuna ba sa biyan kuɗi a ƙasashen waje, sai da ya nemi mai asusun dala ya biya masa. Na kawo wannan lissafi ne domin a fahimci nauyin abin. Shawarar da ake yawan bayarwa a ƙasashen waje, cewa mutum ya je ya gwada ko da zai faɗi don ya ga yanayin jarrabawar, ba shawara ce da ta dace da mai adashi ba.

Shirin farko

Darussan da ya fara da su a filash ya same su, daga wani shagon tura fina-finai da karatu a kasuwar wayoyi, a kan kuɗin da bai kai na katin waya na mako ba. Bidiyoyin na wani ƙwararren malami ne Ba'amurke, kuma babu abin da za a kushe a koyarwarsa, sai dai an ɗauke su ne domin tsohuwar jarrabawa mai lamba 200-125, wadda aka rufe tun farkon 2020. Babu kwanan wata a jikin fayilolin, sunan jakar kawai ya nuna cewa cikakken kwas ɗin CCNA ne. Sai da ya zo yin rajista ya lura lambar ta bambanta, abokansa kuma suka kwantar masa da hankali da cewa ai netwok netwok ne, rauta ba ta canza hali don an canza lamba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin adireshin IP da VLAN, wato raba netwok ɗaya zuwa rukuni-rukuni, da yadda suwic ke koyon adireshin MAC duk suna nan yadda suke. Amma jarrabawa ba ta tambayar duk abin da ke duniya, tana tambayar abin da ke cikin jerinta ne, kuma jerin ya sauya sosai.

Tsohon kwas ɗin ya ci masa makonni a kan EIGRP, da haɗin PPP na layukan nesa, da ramin GRE, da BGP, waɗanda duk an cire saita su daga sabuwar jarrabawa, wadda ta tsaya a kan OSPFv2 mai yanki ɗaya, wato tsarin da rautoci ke bi su koya wa juna hanyoyin isar da saƙo. A ɗaya ɓangaren kuma bai sami komai na kirki ba a kan abubuwan da aka shigo da su ko aka faɗaɗa: yadda ake saita Wi-Fi ta allon na'urar da ke jagorantar dukkan wuraren kama sigina, bambancin WPA2 da WPA3, karanta bayanan JSON, yadda REST API ke aiki, da kayan sarrafa saiti irin su Ansible. A makonnin ƙarshe ya ɗan tsinci gajerun bidiyoyi a YouTube a kan waɗannan, ba a jere ba, kuma ba tare da sanin iyakar zurfin da ake buƙata ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma, ita ce yadda yake kallon. Yakan dawo daga aiki a gajiye, bayan sallar Isha ya kwanta da waya a hannu, ya ƙara saurin bidiyon don ya gama da wuri, ya kalli uku ko huɗu kafin barci ya ɗauke shi. Ba ya rubuta komai, ba ya buɗe kwamfuta, kuma ma'aunin ci gabansa shi ne yawan bidiyoyin da suka rage a jakar. Da suka ƙare ya sake zagayowa daga farko, a zagaye na biyu komai ya zo masa da sauƙi, har yana riga malamin faɗar abin da zai faɗa. Daga wannan sauƙin ne ya yanke hukuncin cewa ya shirya.

Takardar sakamakon Cisco tana nuna kason da mutum ya samu a kowane gida daga cikin shidan. Tasa ta nuna ya yi abin a zo a gani a tushen sadarwa, ya yi rauni a tsaro da sarrafa na'urori ta shiri, wanda ba abin mamaki ba ne ga mai tsohon kwas, amma abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne raunin da ya yi a gida na uku, mai kashi 25, wanda yake ganin nan ne ya fi ƙarfi. Ya kuma ce lokaci ya ƙure masa, tambayoyin ƙarshe cankar su kawai ya yi. Ya ce mini, "Malam, wallahi babu bidiyon da na tsallake, wasu ma na kalle su har na haddace."

Na ba shi kwamfuta mai ɗauke da Packet Tracer, manhajar kwaikwayon netwok da Cisco ke bayarwa kyauta ga duk wanda ya yi rajista a Networking Academy, na ce ya haɗa suwic biyu da rauta ɗaya, ya raba kwamfutoci zuwa VLAN uku, ya sa su yi magana da juna ta rautar. Wannan darasi ne da ya gani ba sau ɗaya ba. Ya ƙirƙiri VLAN ɗin daidai, sannan ya tsaya yana kallon alamar ja da ke kan kebul ɗin da ya haɗa rauta da suwic, ya cire kebul ɗin ya sake sa wani, ya canza ƙofa, alamar tana nan. Ƙofofin rautar Cisco a kashe suke zuwa, sai an shiga an rubuta no shutdown, kuma malamin bidiyon yana rubuta wannan umarni a kowane darasi cikin daƙiƙa ɗaya, da saurin da ido ke gani amma zuciya ba ta ajiyewa. Da aka wuce nan sai ya manta da encapsulation dot1Q a ƙananan ƙofofin rautar, kuma bai san wane umarnin dubawa zai nuna masa inda ya tsaya ba. A nan ne shi da kansa ya yi shiru, domin ya ga abin da takardar sakamakon take nufi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da ya same shi ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, kuma masana sun yi bincike a kansa. A shekarar 2018 Michael Kardas da Ed O'Brien na Jami'ar Shikago sun wallafa gwaje-gwajen da suka nuna wa mutane bidiyon wani yana yin wata gwaninta, kamar jifan ƙaramar kibiya zuwa tsakiyar allo, wasu suka kalla sau ɗaya wasu sau ashirin. Waɗanda suka kalla da yawa sun fi amincewa za su iya, amma da aka ba su suka gwada ba su fi sauran iyawa ba. Tun kafin nan, a 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna cewa ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta rubutu sun fi jin cewa sun riƙe shi, alhali bayan mako guda waɗanda aka tilasta wa tuno shi da ka ne suka fi riƙewa. Bidiyon koyarwa mai kyau ya fi littafi jefa mutum cikin wannan ruɗu, saboda an gyara shi, an yanke duk inda malamin ya yi kuskure ko ya tsaya tunani, abin da ya rage hanya ce miƙaƙƙiya wadda babu wanda ya taɓa bin irinta a bakin aiki. A ganina gwanintar malamin ita kanta tana cikin haɗarin, domin gwargwadon yadda ya sauƙaƙa bayani, gwargwadon yadda ɗalibi zai ɗauka sauƙin daga gare shi yake.

Shiri na biyu

Ban ce ya bar bidiyo ba, kuma da na faɗa da na cuce shi. Mutumin da yake wuni a kan tsani ba shi da ajin da zai je, kuɗin cibiyoyin horarwa ya fi ƙarfinsa, littafin jagora na hukuma kuwa mujalladi biyu ne masu kauri da Turanci mai nauyi. Bidiyo yana da abin da babu mai ƙwace masa: yana nuna tafiyar saƙo daga na'ura zuwa na'ura ido na gani, ana iya tsayar da shi a koma baya ba tare da jin kunyar malami ba, kuma yana jera batutuwa yadda na gaba zai hau kan na baya. Abin da aka sauya shi ne matsayinsa a cikin karatun.

Farko ya sauke jerin batutuwan jarrabawar daga shafin Cisco ya buga shi a takarda. Wannan ya zo a kan gaɓa, domin ranar 20 ga Agustan 2024 aka fara aiki da sabon zubi na 1.1, wanda bai canza lambar jarrabawar ba amma ya shigo da bayani a kan ƙirƙirarriyar basira da koyon na'ura a harkar netwok, da sarrafa na'urori daga kilawud, ya sa Terraform a gurbin Puppet da Chef, ya kuma ƙara wasu matakan kariya na Spanning Tree. Ke nan ko kwas ɗin da aka ɗauka domin 200-301 a 2020 yana iya zama da giɓi. Na nuna masa ya lura da kalmar aikin da ke farkon kowane layi a jerin, domin wani layin cewa ya yi ɗalibi ya bayyana abu, wani ya ce ya kwatanta abu biyu, wani ya ce ya fassara abin da na'ura ta nuna, wani kuma ya ce ya saita ya tabbatar yana aiki. Duk inda aka ce a bayyana, bidiyo da ɗan rubutu sun wadatar. Duk inda aka ce a saita a tabbatar, kallo shi ne kashi mafi ƙanƙanta na aikin. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin waɗannan, kuma takardar ce ta zama ma'aunin ci gabansa a maimakon yawan fayilolin da ke jaka.

Kwas ɗin da ya koma kansa shi ne na Jeremy's IT Lab, wanda yake kyauta a YouTube, an gina shi a kan 200-301, kuma darussansa suna zuwa da fayilolin gwaji na Packet Tracer da katunan tambaya da amsa na manhajar Anki. Akwai wasu masu kyau na kuɗi a Udemy da CBT Nuggets, amma ga mai ƙarancin hali wannan ya isa, kuma halal ne, ba kamar kayan filash ba da aka kwafa ba da izinin masu su ba. Yakan sauke darussan mako da datar dare mai rahusa, ya kalla a zaune da littafin rubutu, darasi ɗaya a rana ba ƙari. Sharaɗin da muka yi shi ne ya fara gwada aikin gwajin da kansa kafin ya kalli yadda malamin ya warware shi, ko da zai ɗauki dare guda yana lalube, washegari kuma ya sake gina shi daga farar takarda ba tare da duba komai ba.

A wannan laluben ne ya koyi abubuwan da suka zauna masa. Wata rana yana son ƙara VLAN 30 a kan layin tirank da ke ɗauke da 10 da 20, ya rubuta switchport trunk allowed vlan 30, nan take sauran kwamfutocin suka daina ganin juna. Ya ɓata lokaci mai tsawo yana zargin rauta kafin ya rubuta show interfaces trunk ya ga cewa VLAN ɗaya tak ya rage a jerin, domin umarnin idan ba a sa masa kalmar add ba shafe tsohon jerin yake yi ya ɗora sabo. Malamin bidiyo ya yi gargaɗi a kan wannan, kuma malamin tsohon kwas ɗin ma ya yi, amma gargaɗin bai shiga ba sai da ya ga netwok ɗinsa ya mutu a hannunsa. Kuskure ne da ya sha jefa ofisoshi na gaske cikin matsala, kuma gara mutum ya yi shi a Packet Tracer da ya yi shi a asibiti. Daga nan muka ƙara wani salo: wani abokin karatunsa yakan ɗauki netwok mai aiki ya lalata abu ɗaya a ɓoye, ya canza lokacin gaisuwar OSPF daga daƙiƙa 10 a gefe ɗaya, ko ya sa ƙofa a VLAN da ba nata ba, ya turo masa fayil ɗin ya nemo cutar. Babu kwas ɗin bidiyon da zai iya yi wa mutum wannan, kuma a nan ne ya saba da show ip route da show ip ospf neighbor har suka zama abin da hannunsa ke fara rubutawa.

Matsalar lokaci kuwa daga rarraba adireshi ta taso. Ya fahimci yadda ake yi, amma fahimta ba ta isa ba a jarrabawar da ba a shiga da kalkuleta, wadda kowace tambaya ke da minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, tambayoyin aiki kuma suna cin nasu da na wasu. Idan aka ba mutum 192.168.10.77/26, dole ya ga nan take cewa tsalle 64 ne, netwok ɗin yana farawa a 64, adireshin shela 127, na amfani daga 65 zuwa 126, kuma idan OSPF za a sa shi to juyayyen abin rufewar 0.0.0.63 ne. A shirin farko irin wannan lissafi yana cin masa minti uku ko huɗu da zane-zanen sifili da ɗaya. Maganinsa maimaici ne da biro da takarda kowace safiya, kuma abin da ya taimaka, ta hanyar da ba a so, shi ne duhun da ya rufe yawancin Arewa a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da layin wutar Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi alhali na Shiroro zuwa Kaduna yana lalace, aka haura mako guda babu wuta. Cajin waya ya zama na kuɗi da layi, kwamfuta ta kwanta, sai ya koma rubuta umarni da ka a takarda da warware adireshi. Da wuta ta dawo ya shigar da abin da ya rubuta a Packet Tracer, na'urar ta nuna masa inda ƙwaƙwalwarsa ta yi masa ƙarya.

Akwai kuma batun Turanci, wanda ba a cika faɗarsa ba saboda kunya. A lokacin da Turanci da Japananci kawai ake yin jarrabawar, kuma Turancin tambayoyin ba irin na malamin bidiyo ba ne mai raha da misalai. Gajeru ne, a matse, kalma ɗaya tana juya ma'ana. Misali, a nuna teburin rauta mai hanya zuwa 10.1.0.0/16 da aka koya ta OSPF, da wata zuwa 10.1.1.0/24 da aka koya ta RIP, a tambayi ta ina saƙon da zai je 10.1.1.5 zai bi. Wanda ya haddace cewa lambar fifikon OSPF 110 ce ta RIP kuma 120, ƙarami ya fi, zai yi wuf ya zaɓi ta farko ya faɗi, domin rauta tana fara duba hanyar da ta fi dacewa da adireshin ne, wato mai /24, waɗancan lambobin kuma sai hanyoyi biyu sun yi daidai a tsawo ake komawa gare su. Don haka ya riƙa kunna rubutun ƙasan bidiyo, yana karanta babin littafi da ya dace da darasin ranar, kuma a wata na ƙarshe ya sayi jarrabawar gwaji ta Boson, wadda amfaninta yake a bayanin da take yi a kan dalilin da ya sa kowace amsa ta zama daidai ko kuskure. Wata dabara da ta yi masa aiki ita ce bayyana darasin da Hausa ga yaron da ke taya shi aiki. Duk inda ya kasa faɗar abu sai da jimlar malamin ta Turanci, ya gane cewa haddar sauti ya yi.

Ana cikin haka wani ya turo masa tarin tambayoyin sata a wani zauren WhatsApp, irin waɗanda ake cewa daga cikin jarrabawar aka kwaso su, aka ce masa ya haddace su ya huta. Ya tambaye ni, na ce masa a'a, kuma ban sassauta ba. Duk mai zama jarrabawar yana amincewa da yarjejeniyar sirri kafin ya fara, kuma Cisco yana iya soke sakamako ya haramta wa mutum sake zama idan aka kama shi da irin wannan. Ban da haka, amsoshin da ke cikin irin waɗannan takardu da yawa kuskure ne. Abin da ya fi damuna ma shi ne masu ɗaukar aiki sun gane, shi ya sa a ganawar neman aiki sukan ajiye wa mutum kwamfuta su ce ya gyara, kuma mai satifiket da ya kasa kunna ƙofar rauta yana zubar da darajar takardar ga duk wanda ya sha wahala ya samu tasa. Na fahimci abin da ke jan matasa zuwa can, domin wanda ya yi asarar naira dubu ɗari huɗu da hamsin tsoro ne ke tuƙa shi, amma wannan tsoron da ƙarin aikin hannu ake kashe shi.

Sakamako

Ƙa'idar Cisco ta ba wanda ya faɗi damar sake zama bayan kwana biyar, amma shi sai da ya yi kusan rabin shekara, rabi don karatu rabi don tara kuɗi. Ya zaɓi cibiyar jarrabawa a kan zama daga gida, kuma na goyi bayansa, domin jarrabawar gida tana buƙatar ɗaki da babu mai shigowa, da intanet da ba ya yankewa, da wutar da ba ta ɗaukewa na sa'a biyu cur, kuma a gidan yawa a Kano samun ukun nan a lokaci guda abu ne mai wuya. Ya ci, ya kuma ce ya gama da ragowar lokaci. Mafi ƙarancin kasonsa har yanzu a gidan sarrafa na'urori ta shiri yake, wanda shi ne ɓangaren da ya tsaya a kallo da katunan tambaya, saboda Packet Tracer ba ya ba da damar taɓa Ansible ko Terraform, kuma jerin batutuwan ma ganewa kawai ya nema a can.

Satifiket ɗin bai canza masa aiki nan take ba. Abin da ya fara canzawa shi ne a kamfaninsu an fara tura shi wuraren da ke da suwic masu saiti, inda a da sai an ɗauko wani daga waje, kuma a nan ya tarar da abubuwan da bidiyo da manhajar kwaikwayo ba su nuna masa ba, kamar kebul ɗin konsol da kwamfuta ta ƙi ganewa, da na'urar da wanda ya kafa ta ya tafi da kalmar sirri, da suwic na wasu kamfanoni irin su MikroTik da Huawei da suka cika kasuwarmu, waɗanda tunaninsu ɗaya ne da na Cisco amma umarninsu daban. Takardar tasa za ta ƙare a farkon 2028, kuma kafin lokacin sai ya sake cin jarrabawa ko ya tara maki 30 na ci gaba da karatu daga kwasa-kwasan da Cisco ya amince da su, waɗanda su ma yawancinsu ta intanet ake yi. Ya riga ya buga jerin batutuwan ENCOR, jarrabawar farko a matakin CCNP da ke gaba da CCNA, mai lamba 350-401, yana kuma neman kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajar kwaikwayo ta GNS3 ko EVE-NG, domin a wancan mataki Packet Tracer ba ya ɗauke da duk umarnin da ake tambaya.